Wa Ke Zuba Giya a Ruwan Inabi?

Duk mai sayar da zoɓo a Bulabulin ta san abin da zafin watan Afrilu ke yi wa jarinta. A lokacin zafin Maiduguri kan haura digiri 40. In aka ɗauke wuta, ƙanƙara ta narke, robar zoɓon da ta kwana biyu sai ta kumbura, a buɗe ta yi huci, kumfa ya taso, ɗanɗano ya juya. Haka ruwan tsamiyar da mutanen Barno ke kira ardeb yake yi. Sai a ce ya lalace, a zubar. Amma ai ba wanda ya zuba komai a ciki, to me ya shiga?

Masu yin giyar inabi sun shekara dubbai suna cin moriyar wannan abu ba su san ko mene ne ba. A kogon Areni na ƙasar Armeniya an tono wurin tattaka inabi da manyan tulunan ƙasa masu shekara kusan 6,000, kuma aikin bai sauya sosai ba har yau. A tsinke inabi, a murƙushe, a zuba a randa ko ganga tare da ɓawonsa in ja ake so, a tace in fara ake so. Kwana ɗaya ko biyu ruwan ya fara tafasa ba wuta. Zaƙin ya yi ta raguwa har ya ƙare, a tace a rufe. Ba a dafawa, ba a ƙara ruwa. In kuwa aka yi sakaci iska ta shiga, abin ya zarce ya zama khal, wato ruwan tsami.

Musulmi ma sun gamu da matsalar tun farko, sai dai su neman hanyar guje mata suka yi. A Sahih Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha ranar da washegari har yammacin kwana na uku, abin da ya rage kuma ba ya wuce nan. Da tawagar ƙabilar Abdul Ƙais ta zo Madina, an hana su jiƙo a mazubi huɗu: goran duma, tulu mai shafe, kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Daga baya an sassauta, da sharaɗin kada a sha mai sa maye. Malamai sun ce dalilin hanin shi ne jiƙo na saurin juyawa a waɗannan mazubai mutum bai ankara ba. Ke nan an gane cewa kwanaki da mazubi suna da hannu a ciki. Matan Fulani ma sun san haka, shi ya sa madara ta fi saurin kwana a tsohuwar ƙwarya fiye da sabuwa.

A Turai kuwa gardama aka yi mai zafi. A 1789 Lavoisier na Faransa ya nuna cewa sukari ne ke rabewa gida biyu, sinadarin maye da iskar da ke kumfa. Wajen 1837 mutum uku, Cagniard de la Tour da Schwann da Kützing, kowa a nasa ɗakin bincike, suka duba laka-lakar da ke kwanciya a gindin ganga da madubin ƙara girma, suka ce halitta ce mai rai, tana tsiro tana hayayyafa. Yis ke nan, irin wanda ake zubawa a fanke. Manyan masana sinadarai na Jamus, Liebig da Wöhler, dariya suka yi musu, har aka buga rubutun ba'a a mujallarsu a 1839 da ya siffanta yis a matsayin 'yar dabba mai cin sukari tana kashin giya. Abin dariyar shi ne ba'ar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Louis Pasteur ne ya raba gardamar. Ya fara a Lille ta Faransa a 1856, wajen wani mai masana'anta da gangunansa ke tsami, ya gano cewa ganga mai kyau cike take da yis, mai tsami kuma wasu ƙwayoyi ne daban. A 1863 Sarki Napoleon na Uku ya ba shi aikin binciken abin da ke ɓata giyar Faransa, ya dawo da magani mai sauƙi: a ɗumama ta zuwa digiri 50 ko 60, ƙwayoyin su mutu. Wannan dabarar ce Thomas Welch na Amurka ya ɗauka a 1869 ya yi ruwan inabin kwalba da ba ya zama giya, kakan wanda ake rabawa a bukukuwanmu.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1878 a Arbois. Pasteur ya naɗe nonnan inabi da auduga mai tsabta tun suna ɗanye, a cikin rumfar gilashi. Da suka nuna ya matse, ruwan ya ƙi tafasa. Na filin Allah kuwa ya tafasa kamar kullum. Ashe daga waje abin ke zuwa. Haka ma mai zoɓo: ta tafasa ganyenta ta kashe komai, sannan ta zuba sukari da ɗanyen abarba bayan ya huce, ta ɗura a robar da aka taɓa amfani da ita, ta mayar da abin da ta kora da hannunta.

Liebig ma ya sami rabonsa bayan ransa. A 1897 Eduard Buchner ya niƙe yis da yashi ya matse ruwansa, ruwan da ba ƙwaya mai rai a ciki ya juya sukari, aka ba shi kyautar Nobel a 1907.

Saura tambaya ɗaya: wa ke kai yis kan inabi, kuma ina yake ɓuya in kaka ta wuce? Lafiyayyen inabi ba kasafai ake samun yis ɗin giya a kansa ba, a wanda ya fashe ake samunsa da yawa. A 2012 masu bincike a Florence ta Italiya suka buɗe cikin rina suka same shi a hanjinta. Uwar rina na kwana da shi duk tsawon hunturu, ta ciyar da 'ya'yanta da shi, su kuma su huda inabin da ya nuna su bar shi a ciki.