Tarihin Turare a Ƙasar Maradi: Daga Saiwar Kajiji zuwa Kwalbar Dubai

Turare a ƙasar Hausa iri biyu ne. Akwai na wuta, wanda ake barbaɗawa a kan garwashi cikin kasko, hayaƙinsa ya kama ɗaki da tufafi. Akwai kuma na shafawa, wanda ke zuwa a kwalba. Na wuta ɗan gida ne, domin dajin ƙasar ne ya fara samar da kayan haɗinsa. Na kwalba baƙo ne, fatake suka kawo shi. Tarihin ƙamshi a Maradi da Tibiri da Jiratawa tarihin haɗuwar waɗannan biyun ne.

Tun kafin zuwan kwalba, mutanen kwarin Gulbin Maradi sun san tsirran ƙamshi na ƙasarsu. A fadama ake tonon kajiji, a shanya 'ya'yan saiwarsa, a daka ko a ƙona su haka nan. Nan ma jema take fitowa, ciyawar da ake saƙa da ita, saiwarta kuwa ana jefa ta cikin randa don ruwa ya yi ƙamshi. A tudu akwai tsauri da nobe, ciyayi masu ƙamshin lemo da ake dafawa a sha don zazzaɓi. Daga itatuwa ake samun ƙaro: na hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, da na dashi da ake shinge da shi, da na maje daga dazukan kudu. Ɗaɗɗoya kuwa ko a bayan ɗaki tana tsirowa, ana kaɗa ta don korar sauro. Abin lura shi ne, a wancan zamani ba a raba ƙamshi da magani ba. Hayaƙin da zai gyara ɗakin amarya shi ne dai ake turara wa mai ciwon kai ko jaririn da ake tsoron iska ta taɓa shi.

Hano da dashi ba ƙananan itatuwa ba ne a tarihin duniya. Hano ɗan'uwan itacen lubban ne na Zufar a Oman da Hadramaut da Somaliya, dashi kuma dangin itacen mur ne. Saboda irin wannan ƙaro ne sarauniyar Masar Hatshepsut ta aika jiragen ruwa ƙasar Punt kimanin shekara 3,500 da suka wuce, har aka zana labarin tafiyar a bangon haikalinta na Deir el-Bahari. Bambancin da ya shigo daga baya na fasaha ne. Masanan daular Musulunci sun ƙware wajen dafa fure ko itace a rufaffiyar tukunya, tururin ya bi ta bututu ya huce, mai ya taso a kan ruwa a kwashe shi. Al-Kindi ya rubuta littafi a Bagadaza a ƙarni na 9 mai ɗauke da haɗin turare fiye da 100. Da wannan hikima ce ake tatsar man wardi na Ɗa'ifa da turarukan Kannauj a Indiya, daga baya garin Grasse na Faransa ya yi suna. Ba a san ƙasar Hausa da wannan tatsa ta tururi ba. Hanyarta ita ce ƙonawa, da daka, da jiƙa kayan ƙamshi cikin mai. Saboda haka duk man turare tatacce sai an sayo shi daga nesa, da tsada.

Musulunci ya ƙara wa turare daraja. Sunna ce namiji ya shafa shi ranar Juma'a da ranakun Idi, ana sa kafur a wankan gawa, kuma an hana turare ga mai harami da mace mai takaba. Malamai da sarakuna suka zama manyan masu saye, ayarin Sahara kuma ya riƙa sauke musu kaya daga Tarabulus ta Gadamas da Agadas. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kafin ya shiga Katsina da Kano, ya lissafa lubban da kanumfari da man wardi cikin hajojin da ake shigowa da su Kano, ya kuma nuna man wardi na manya ne. Cinikin ba gefe ɗaya yake tafiya ba: jibda, wadda ake kankarowa daga jikin tunkun jibda, tana cikin abin da wannan yanki ke aikawa arewa a lokacin.

Maradi da Tibiri sun taso ne a tsakiyar wannan zamani. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka yi hijira, ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya zauna a Maradi wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836 ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, bayan yaƙin Gawakuke. Fadojin biyu sun riƙe tsoffin al'adun da aka matsa wa a ƙasashen daular Sakkwato, musamman bori, wanda Iya ke shugabanta a Maradi, Inna kuma a Tibiri. A wajen 'yan bori turare kayan aiki ne: da hayaƙi ake girka, da shi ake kiran iskoki, kuma ana cewa kowane iska da ƙamshin da yake so. Wannan ya sa sanin saiwoyi da ƙaro ya daɗe a hannun matan yankin.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Sahara ya durƙushe, kwalba ta koma shigowa ta teku. A 1920 kamfanin W. J. Bush na Ingila ya fitar da Bint El Sudan, turaren mai wanda babu giya a cikinsa, abin da ya sa Musulmi suka karɓe shi hannu biyu. Daga baya aka riƙa haɗa shi a Kano. Bintu Sudan ne ya sauko da turaren kwalba daga fada zuwa tiren ɗan koli, har ya shiga kamun amarya da wankan gawa da aikin malamai. Kuɗin gyaɗa suka haifar da Alhazan Maradi. Hajji da fatauci suka buɗe hanyar Jidda, sannan Dubai, inda oud da almiski da madarar turare ke fitowa a yau.

Wani reshen na turare ya zo ta gabas, daga Sudan da Cadi da Borno, a hannun matan Shuwa da Barebari: humra, da dilka, da salon dafa turaren wuta da sukari. Mai haɗi takan sami gutsattsarin itace, sandal ko wani mai shan mai, ta jiƙa su da madarar turare, ta narka sukari a wuta ta juya su ciki, ta rufe a kwalba su yi makonni. Farce kuwa, wato murfin bakin wani dodon koɗi na teku, sai an wanke shi an soya don ƙarninsa ya fita kafin a daka, kuma shi ne ke riƙe ƙamshi a jikin tufa. A nan baƙo da ɗan gida suka zama abu ɗaya, domin kajiji bai bar cikin haɗin ba. Sana'ar ta mata ce, a cikin gida ake yinta, kuma amare da masu jego ne kasuwarta.

Inda matsala take shi ne daji. Noma ya cinye fadamun da kajiji da jema ke fitowa, masu magani kuma na saɓule ɓawon hano har itacen ya bushe. Manoman jihar Maradi sun nuna ana iya mayar da itace gona ta hanyar sassaben zamani, wanda ya bazu tun shekarun 1980, kuma lambunan noman rani na Jiratawa, inda ake shuka zogale da anis mai ƙamshi, shaida ne cewa ƙasar na karɓar irin wannan noma. Ya kamata hano da jema da kajiji su shiga cikin abin da ake shukawa da gangan, domin har yanzu yawancinsu daga daji ake tsinto su.