Ƙarin jini ga mai karɓar maganin ciwon daji

Maganin ciwon daji da ake kira shimiyo yana kashe ƙwayoyin cutar, amma kuma yana raunana ɓargo, inda jiki ke haɗa jini. Shi ya sa jinin maras lafiya kan yi ƙasa, galibi kwana 7 zuwa 14 bayan an sa masa maganin. Alamomin su ne kasala, jiri, haki da bugun zuciya, wani lokaci har da haɓo ko zubar jini a dasashi.

In awo ya nuna jini ya sauka wajen giram 7 ko 8, likita kan ce a ƙara. Wannan ba ya nufin ciwon ya ci ƙarfin mutum. Ana yi ne don ya samu ƙarfin ci gaba da magani kan lokaci.

Kafin a ɗaura, sai an duba rukunin jini, an tabbatar babu sida, ciwon hanta ko tunjere. Leda guda kan ɗauki awa 2 zuwa 4. In maras lafiya ya ji zazzaɓi, rawar sanyi, ƙaiƙayi ko ciwon baya, a kira malamin asibiti nan take.

Ƴan uwa, jini ba a ƙera shi a kamfani, daga jikin mutane yake fitowa. Mai lafiya da ya kai shekara 18 da kilo 50 na iya bayarwa a cibiyar ƙarin jini ta Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Na ƙetare ma su tuna wa na gida: a bayar tun kafin ranar buƙata.