Baƙin Mars da Tarihin Tasmaniya

A shekarar 1898 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa littafinsa The War of the Worlds. Labari ne na wasu halittu daga duniyar Mars da suka sauka kusa da garin Woking, suka ragargaza sojojin Ingila, suka mai da Landan kufai. A wancan zamani babu daular da ta kai Birtaniya faɗi a doron ƙasa.

Tun a babin farko Wells ya tunatar da mutanensa abin da ya auku a tsibirin Tasmaniya, kudu da Ostireliya. Turawan Ingila sun fara zama a can a 1803. Yaƙi da ƙwacen filaye da cututtukan da suka shigo da su suka kusa ƙarar da 'yan asalin tsibirin. Manufarsa a fili take: wanda ya aikata haka, da wane baki zai zargi maharan Mars?

A ƙarshen littafin, ƙwayoyin cuta ne suka hallaka maharan bayan bindiga ta gaza. A Tasmaniya kuwa, masu gida cutar ta ɗauke, baƙi suka gaje ƙasar.