Daga Gayauna Zuwa Ɗakin Haya: Tarihin Matashin da ke Karatu Yana Ci da Kansa

Duk wanda ya zauna a Kazaure lokacin da makarantu suke cikin zango ya san wannan matashi. Da hantsi yana aji, bayan la'asar yana kan babur ɗin haya ko yana zaune a rumfar cirar kuɗi, da dare kuma yana ɗakin da suka kama su huɗu, ana lissafin wanda zai auno shinkafa. Manya sukan ce wannan wahala sabuwa ce, zamani ne ya kawo ta. Akwai gaskiya a maganar, amma haɗa karatu da neman na kai tsohon abu ne a ƙasar Hausa, ya girmi boko nesa ba kusa ba. Abin da ya sauya shi ne tsarin da ke tallafe da matashin. In an bi tarihin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, za a ga tsari uku da suka biyo juna, kowanne da amsar da ya bayar kan tambayoyi uku: ina matashi zai kwana, yaushe zai yi aiki, kuma wa zai ba shi abin farawa.

Tsari na farko shi ne na gandu da tsangaya. Masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa wajen shekarar 1819, ƙasar noma ce, haka ma ƙasar Babura da ke maƙwabtaka da ita ta gabas. A irin wannan ƙasa saurayi yakan yi aiki a gonar mahaifinsa tun safe har azahar. Uba ne ke ciyar da shi, shi ke biya masa haraji, shi ke yi masa auren fari. A madadin haka sai a yankar masa gayauna, 'yar gonar da zai noma da yamma da ranakun hutu, abin da ya samu kuma nasa ne. Gayauna ita ce makarantar cin gashin kai. A cikinta saurayi ke koyon tattali, ya sayi tunkiya, ya ɗinka riga, alhali tuwon dare yana jiransa a gida.

Sai dai gandu bai taɓa yi wa kowa daidai ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta nuna cewa manoma masu hali su ne ke iya riƙe 'ya'yansu a gandu, ɗan talaka kuwa yakan fita da wuri, ya shiga ƙwadago ko ya bar gari. Wato tun a wancan lokaci, wanda ya fi saurin tsayawa da ƙafarsa shi ne wanda gidansu ya kasa ɗaukar nauyinsa.

Ta ɓangaren karatu, tsangaya ta gina lokacinta a kan bukatar mai neman abinci. Da damina malam da almajiransa suna gona. In an kawar da amfani sai a ɗauki allo a tafi cin rani, wasu Kano, wasu gabas. Ana karatu da asuba, da yamma, da dare a bakin wuta, tsakanin nan kuwa akwai sarari. Daga yammacin Laraba zuwa Juma'a hutu ne. Gardi, wanda ya wuce shekarun bara, a wannan sarari yake ɗinkin hula, da yankan farce, da dako, da ga-ruwa, da wanki da guga. Wurin kwana zauren malam ne ko na wani attajiri, ba a biyan ko anini. Abin da ake kai wa malam kuɗin Laraba ne, daidai ƙarfin mutum. Da masana'antu suka bunƙasa a Bompai ta Kano, gardawa da yawa sun shiga leburanci a can suna ci gaba da karatunsu, abin da Paul Lubeck ya rubuta littafi a kansa a 1986. Tsarin yana da muninsa, musamman ga ƙananan yara da ake rabawa da iyayensu, amma ga saurayi baligi ya amsa tambayoyin nan uku.

Tsari na biyu ya zo da Turawa. Tun daga makarantar da Ɗanhausa ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, boko a Arewa ya tashi a matsayin karatun kwana wanda hukuma ke ɗaukar nauyinsa. Kazaure tana cikin Lardin Kano, don haka yaron da ya yi fice a elemantare Kano ake kai shi midil, En'e ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta ba shi sabulu da kuɗin kashewa. Bayan mulkin kai gwamnatoci sun ɗora a kan haka, kuma kuɗin mai na shekarun 1970 ya faɗaɗa abin. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya sa aka buɗe kwalejojin horon malamai barkatai, ɗalibansu na karɓar alawus. Ɗan boko na wannan zamani ba a sa ran ya yi sana'a. Aikinsa karatu, kuma takardar ɗaukar aiki tana jiransa kafin sakamako ya fito.

Wannan gata ya haifar da abu biyu da har yau muke fama da su. Na farko, an tsara jadawalin makaranta bisa zaton ɗalibi ba shi da wata hidima, darasi daga safe zuwa yamma, zango kuma yana ratsa tsakiyar damina ba ruwansa da shuka ko girbi. Na biyu, an cusa wa ɗan makaranta cewa sana'ar hannu ta wanda bai yi karatu ba ce.

Gatan bai daɗe ba. A watan Afrilun 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙara kobo 50 a kuɗin abincin ɗaliban jami'a na kowace rana, abin da ya tayar da zanga-zangar da aka yi wa laƙabi da sunan Kwamishinan Ilimi Ahmadu Ali, aka kuma rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A tsakiyar shekarun 1980 aka daina ciyar da ɗaliban jami'o'in tarayya, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira da ta albashin iyaye. Hukuma ta janye hannunta daga abinci da masauki, jadawalin kuwa ya tsaya yadda yake.

A daidai wannan lokaci ne manyan makarantu suka iso ƙasar Kazaure. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma a shekarar aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Kazaure, wadda daga baya aka sa mata sunan Sarki Hussaini Adamu, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓe ta a 2007. Cibiyar koyar da fasahar kwamfuta ta biyo baya a zamanin Gwamna Saminu Turaki. A 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Ɗan Roni ko Gwiwa ya samu makaranta a kusa da gida, wanda ci gaba ne babba. Amma ya same ta a zamanin tsari na uku, inda ɗalibi ke biyan kusan komai da kansa.

Dubi yadda tambayoyin nan uku suke a yau. Masauki ya zama ɗakin haya, kuma kuɗin shekara ake nema a dunƙule, daidai lokacin da ake biyan kuɗin rajista. Lokacin aiki ya zama abin da ɗalibi ke sata daga darasi ko daga barci. Abin farawa kuwa, gonakin gado sun tsattsage har babu abin yanka wa saurayi, don haka babur ko na'urar cirar kuɗin da yake aiki da ita galibi ta wani ce, kullum sai ya kai balas kafin ya ga nasa. Ƙananan garuruwa ba su da kasuwar aiki irin ta Kano, ɗalibai da yawa suna rububin sana'o'i ƙalilan. Janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ninka kuɗin mota, har wanda ke jeka-ka-dawo daga ƙauye don gudun haya ya rasa wannan mafita. Ɗaliba mace nauyinta ya fi, domin sana'o'in kan titi a rufe suke gare ta, kama ɗaki ita kaɗai kuma abin magana ne, sai ta dogara da ɗinki, lalle, ko sayar da kaya ta waya.

Amsar gwamnati ta baya-bayan nan ita ce asusun lamunin karatu, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Taimako ne na gaske, amma ko mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 bai kai kashi ɗaya cikin uku nasa ba. Kuma ba sabon tunani ba ne, don gwamnatin Gowon ta kafa hukumar lamunin ɗalibai a 1972, ta durƙushe saboda rashin biyan bashi. Lamuni ya taɓa tambaya ta uku kaɗai. Ta masauki da ta lokaci suna nan.

Su kuwa waɗannan biyun ba lallai sai Abuja ta warware su ba. Makaranta na iya tattara darussan aji cikin kwana uku ko huɗu a mako, ta bar sauran ga mai sana'a, kamar yadda tsangaya ta bar Alhamis da Juma'a. Tana iya karɓar kuɗin rajista kashi-kashi, ta kuma ba ɗalibanta ƙananan ayyukan cikin harabarta da lada. Masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari na iya gina ɗakunan ɗalibai a matsayin waƙafi, wanda shi ne zauren attajiri a sabon salo. Mu da muka yi karatu muka kama aiki kuma, akwai gayaunar da za mu iya yanka wa ƙannenmu: keken ɗinki, kayan gyaran waya, ko jarin da ribarsa tasu ce.

Ɗalibin da ya ajiye karatu a aji na biyu ba ya fitowa a labarai. Yakan ce zai dawo baɗi, sai baɗi ta same shi a tasha. Yawancinsu jikokin mutanen nan ne da Polly Hill ta gani suna barin gandu da wuri, kuma dalilin bai sauya ba.