Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tarihin Shirin Haihuwa A Ƙasar Hausa

Tun zamanin kakanninmu, Bahaushe bai ɗauki tsohon ciki abin wasa ba. Idan cikin fari ya kai wata bakwai, akan mai da mace gidan iyayenta, abin da ake kira goyon ciki. Miji kuwa yakan shiga tara itacen wankan jego, ya tanadi kayan yaji da hatsi. Akan kuma sanar da ungozoma tun da wuri, domin ita za ta yanke cibiya ta yi wa jariri wanka. Wannan hikima ce, gama mace ba ta fuskantar ranar ita kaɗai.

Amma a cikin al'adar akwai abubuwan da suka ci rayuka. Kunya takan sa mai cikin fari ta ɓoye naƙuda har ta galabaita. Idan naƙuda ta yi tsawo, waɗansu sukan yi yankan gishiri, wanda yake jawo zubar jini da yoyon fitsari. Asibiti kuwa yana da nisa. A ƙasar Nijar, sai a shekarar 1950 ne mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa, kuma mata da yawa akan kawo su ne bayan an kwana biyu ana fama a gida.

Abin da ya buɗe idanun mutane ƙwarai ya fito daga Zariya. Daga 1976 zuwa 1979, Likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi lissafin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Suka tarar cewa matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da wahala ta kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana da matan da suka yi haihuwa da yawa. A Zariya kuma likitoci suka lura cewa yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da kan kama masu jego.

A 1987 aka yi babban taro a Nairobi a kan ceton mata masu haihuwa. Bayan wannan, a 1994, masana suka bayyana jinkiri uku masu kashe mace: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkiri a hanya, da jinkirin samun taimako bayan an isa. Gwamnatin Nijar ta mai da fiɗar haihuwa kyauta a 2005, awon ciki kuma a 2006. A 2012 aka buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, biyar daga ciki a watanni uku na ƙarshe.

To, 'yan'uwa, me wannan tarihi yake koya mana? Da fari, mu san abin da ba na tsoro ba ne. A ƙarshen ciki, mace takan ji ciwon baya, ƙwannafi, yawan fitsari, da ɗaurewar ciki mai zuwa ta wuce. Amma idan aka ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da duhun gani, ko kumburin fuska da hannuwa, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko ɗa ya rage motsi, ko faya ta fashe ba naƙuda, to, kada a jira gari ya waye. Haka nan idan naƙuda ta wuce awa goma sha biyu.

Jinkiri biyu na fari suna hannunmu, musamman mu maza. Tun cikin wata na bakwai, maigida ya zauna da matarsa da iyayenta su yanke inda za a haihu. A ajiye kuɗin mota dabam. A san mai abin hawan da za a tasa ko da tsakar dare, balle da damina sa'ad da ƙorama kan yanke hanya. A nemi dangi biyu da za su ba da jini. A haɗa tsabtatattun zannuwa, sabulu da katin awo wuri ɗaya. Idan maigida zai tafi cin rani, ya bar izini a fili cewa a kai ta asibiti ba sai an neme shi ba.

Kakanninmu sun tara itace tun kafin ranar. Mu riƙe wannan hali nasu, mu ƙara da abin da shekarun nan suka koya mana.