Ƙaramar sitiriyo ta gida: Abin da masu ita ke yabawa da abin da ke cinye musu kuɗi

Ƙaramar sitiriyo na'urar sauti ce ta cikin ɗaki. Ta ƙunshi akwati ɗaya mai ɗauke da rediyo da na'urar ƙara ƙarfin sauti, wato amfilifaya, sai sifika biyu da ake ajiyewa dama da hagu. Wasu samfuran suna zuwa da sifika ta uku mai fitar da sauti mai kauri, wadda 'yan kasuwa ke kira wufa. A kasuwannin Sabon Gari ta Kano da Wuse ta Abuja da Alaba ta Legas, wani ya kira ta rediyo kawai, wani ya ce hom tiyata, ko da yake ainihin hom tiyata tana da sifikoki biyar ne da wufa ɗaya.

Ita ce zaɓin ma'aikacin da ke haya a ɗaki da falo, da ɗan kasuwar da ke son jin labarai a shago, tana kuma yawan shiga kayan ɗakin amarya. Farashinta yana hawa da sauka tare da dala. Abin da masu ita suka daɗe da ganewa shi ne, lambobin da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali ba su ne ke nuna ingancinta ko tsawon ranta ba. Ƙaramar takardar da ke manne a bayanta, da irin wutar da take sha, da wurin da aka ajiye ta, su ne ke yanke wannan hukunci.

Asalinta

Injiniyan Birtaniya Alan Blumlein ne ya yi rajistar fasahar sitiriyo a 1931, wato raba sauti zuwa hanyoyi biyu yadda kunnen dama da na hagu za su ji kamar mawaƙan suna gaban mutum. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, sannan ya haɗa gwiwa da Sony suka kawo faifan CD kasuwa a 1982. Kafin wannan lokaci, mai son sauti mai kyau sai ya sayi rediyo daban, amfilifaya daban, na'urar faifai daban. Kamfanonin Japan ne suka yi fice wajen matse su duka a akwati ɗaya, kuma a shekarun 1990 samfuran Aiwa da Sony da Panasonic da Sharp masu gidan kaset biyu da tiren faifai uku suka cika falukan birane.

Ta yau ta sauya. Gidan kaset ya ɓace, na CD ma yana kan hanya, an maye gurbinsu da ramin filash da na memori da kuma Bluetooth. Yawancin masu araha daga China ake ƙero su, wasu da sunan manyan kamfanoni, wasu da sunan da ɗan kasuwar da ya yi odarsu ya zaɓa.

Abin da masu ita ke yabawa

Yabo na farko shi ne bambancinta da wayar hannu. Wanda ya saba jin tafsiri ko labarai ko waƙar Shata ta ƙaramar sifikar waya, idan ya ji su ta sifika biyu masu akwatin katako, yakan ji murya ta cika, ganguna sun fito sarai. Haka kuma idan aka jona ta da talabijin, domin talabijin na zamani ba shi da kaurin da zai ɗauki sifikar kirki.

Na biyu, ba ta cin wuri kuma ba ta shan wuta. Na'urar da ke jan wat 40, idan aka kunna ta awa biyar kullum, yunit shida kacal za ta ci a wata. Ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarta tare da fanka da ƙwai ba tare da wahala ba.

Sai dai masu ita sun yarda cewa ta ɗaki ce. Duk wanda ya fitar da ita tsakar gida ranar suna ko walima ya ƙure mata murya, yakan mayar da ita ciki da sifika ɗaya tana gurnani.

Rikicin lambar wat

A nan ne aka fi yaudarar mai saye. Kwali zai zo da rubutu kamar 3000W PMPO, mai shago kuma ya nuna shi a matsayin hujjar ƙarfi. PMPO ba shi da wani ma'auni da aka amince da shi. Kowane kamfani yana lissafa shi yadda ya ga dama, yawanci a kan ƙarfin da na'ura za ta iya fitarwa na ƙiftawar ido. Ma'aunin da ake dogaro da shi shi ne wanda ake rubutawa RMS, wato ƙarfin da take iya riƙewa a jere ba tare da sautin ya lalace ba. Irin wannan ruɗu ne ya sa hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa ƙa'ida a 1974 da ta tilasta wa kamfanoni bayyana ƙarfi na a-jere a tallarsu.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. A bayan kowace na'ura, kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai takarda da ke nuna yawan wutar da take ja daga soket. Na'ura ba za ta iya fitar da ƙarfin da ya zarce wanda ta sha ba. Idan takardar ta ce 60W, to sautin da ke isa sifikoki gaba ɗaya bai kai wat 60 ba, komai dubunnan da aka zana a kwali.

Wannan ba aibi ba ne, domin wat 15 zuwa 30 a kowace sifika sun ishi falo matsakaici. Kunne ma ba ya bin lissafin wat kai-tsaye: ninka ƙarfi sau biyu desibel uku kawai yake ƙarawa, kuma sai an ninka shi kusan sau goma mutum ke jin sauti ya ninka. Don haka wanda ya ƙara kuɗi saboda wat 50 a maimakon 40 bai sayi wani bambanci da zai ji ba. Girman sifika da nauyin akwatinta sun fi tasiri. Akwatin katako mai nauyi ya fi na roba maras nauyi, wanda ke karkarwa da zarar an ɗaga murya.

Wutar lantarki, babbar mai kashe ta

Mafi yawan na'urorin da ke jibge a shagon mai gyaran rediyo ba tsufa ne ya kai su can ba. Wutar Najeriya a ƙa'ida 230V ce, amma takan yi ƙasa ƙwarai a unguwar da taransifoma ya yi wa kaɗan, takan kuma dawo da ƙarfi bayan an ɗauke ta. Sashen da ke karɓar wuta a cikin sitiriyo mai araha shi ne inda kamfani ya fi yin tsimi, shi ne kuma ke fara ƙonewa. Idan an yi sa'a fiyus ne kawai zai tafi. Idan ba a yi ba, wutar ta wuce ta cinye IC ɗin amfilifaya.

Masu na'urorin da suka daɗe suna da wasu ɗabi'u iri ɗaya. Suna zare filogi da zarar an ɗauke wuta, ba sa mayarwa sai ta dawo ta zauna. Suna sa sitabilaiza, ko kuwa ƙaramar na'urar kariya da ke jinkirta wuta na ɗan lokaci kafin ta sake ta. Idan janareta ne, sai ya tashi ya daidaita sannan a jona, kuma a kashe rediyon kafin mai ya ƙare, domin a lokacin da inji ke shaƙewa wutarsa hawa da sauka take yi. Da damina kuma, idan hadari ya taso da tsawa, ana zare filogi da wayar eriyar waje baki ɗaya. Kashewa da rimot ba kariya ba ce, tunda wuta na nan a cikin na'urar.

Masu inbata mai araha sukan ji wani zuuu a sifika ko da ba a kunna komai ba. Wannan daga irin wutar da inbatar ke fitarwa ne, sauya rediyo ba ya magance shi.

Ƙura da zafi

Da hunturu, ƙura tana shiga ta kowace kafa. A na'urori masu CD, tana kwanciya a kan idon da ke karanta faifai, sai ya fara tsallake waƙa, daga baya ya ƙi gane faifan sam. Tana kuma shiga maɓallin murya ta sa shi ƙaraf-ƙaraf idan ana juyawa. Zafin bazara yana busar da bel ɗin robar da ke tura tire, yana kuma rage kwanan ƙananan kayan ciki da ake kira kafasita.

Rufe na'ura da yadi yana da amfani idan tana kashe. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin yadin a kanta tana aiki, ko cusa ta cikin kabad mai gilashi, ko ɗora dikoda a kan ramukan da take shan iska. Tana bukatar sarari kamar faɗin tafin hannu a bayanta da samanta.

Rediyo, filash da Bluetooth

Yawancin sabbin samfura FM kawai suke kamawa, daga 87.5 zuwa 108. Dattijon da ya saba da gajeren zango ko matsakaicin zango bai kamata ya yar da tsohon akwatinsa ba. Wayar eriyar da ke zuwa a kwali siririya ce, dole a miƙe ta sama kusa da taga, nesa da caja da ƙwan lantarki masu araha, waɗanda ke jefa hayaniya a tasha.

Ƙorafin da aka fi ji game da filash shi ne na'ura ta ƙi karanta shi. Sau da yawa tsarin filash ɗin ne: na'urori da dama FAT32 kawai suka sani, kuma MP3 suka fi ganewa, don haka saƙon murya da aka kwafo daga WhatsApp ba lallai ya buɗe ba sai an sauya masa tsari. Bluetooth kuwa nisansa kimanin mita goma ne, bango yana rage shi. A wasu samfuran babu hanyar sauya tasha ko daidaita kaurin sauti sai da rimot, saboda haka ɓatansa na iya gurgunta na'ura mai lafiya.

Ta gwanjo

Wasu sun fi amincewa da tsohuwar na'urar Turai ko Japan a kan sabuwa mai araha, kuma sau da yawa sifikokinta sun fi nauyi da daɗin sauti. Amma a duba takardar baya kafin a jona. Wadda aka yi wa Amurka 120V take ɗauka, ta Japan 100V. Duk wadda aka soka kai-tsaye a soket ɗin Najeriya nan take za ta ƙone, sai an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Ta Japan tana da wata matsalar: FM ɗinta daga 76 yake farawa ya tsaya a 90 ko 95, don haka tasha irin Freedom Radio ta Kano da ke kan 99.5 ba za ta shigo ba. Ta Turai mai 220 zuwa 240V ita ce ta dace da wutar ƙasar nan.

Gyara

Fiyus da bel da kafasita da maɓallin murya duk abubuwa ne masu sauƙin samu, gyaransu bai kai ya kawo ba. Matsala tana zuwa ne a sabbin samfuran da aka haɗe komai a kan allo ɗaya, inda idan ya mutu sai dai a sauya shi dungurungum, wani lokaci kuma babu shi a kasuwa. Ko da hakan ta faru, sifikokin ba su mutu ba, ana iya jona su da wata ƙaramar amfilifaya matuƙar lambar da ke bayansu, 4 ko 6 ko 8 mai alamar Ω, ta dace da tata. Ɗaura ƙarin sifikoki a kan waya ɗaya yana tilasta wa amfilifaya jan wutar da ta fi ƙarfinta, hanya ce ta ƙona ta da wuri.

Kafin a biya kuɗi

A sa mai shago ya buɗe ainihin wadda za a tafi da ita, ba ta gwaji ba. A je da filash da waya, a saka muryar mai magana, ba kiɗa kaɗai ba, domin a murya ne ake gane sautin da ya toshe. A ɗaga ta zuwa kashi biyu cikin uku a saurara ko za ta fara fashewa. A saurari kowace sifika ita kaɗai, a gwada kowane rami da kowane maɓallin rimot. Jabun kaya sukan tona kansu ta sunan da aka sauya wa harafi ɗaya, da rashin lambar na'ura a baya, da rashin takardar garanti.

A karɓi rasit mai ɗauke da samfuri da lambar na'ura da kwanan wata. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi a gyara masa, ko a sauya, ko a biya shi kuɗinsa, kuma ana iya kai ƙara ga hukumar. Ba tare da rasit ba, da wuya a tabbatar da inda aka saya. Yawancin takardun garanti ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar da wuta ta yi, shi ya sa ya dace a lissafa kuɗin sitabilaiza tun farko a cikin kuɗin rediyon.

A gida, a raba sifikokin da tazarar kamar mita biyu, a ɗaga su daidai kunnen wanda ke zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren sautin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba, lokacin kuma yana raguwa sosai idan sautin ya haura haka. Idan sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji magana, sautin ya yi yawa ga kunne, ga sifika, da kuma maƙwabcin da bango ɗaya ya raba su.