Tsiron Babban Hanji da Dubura Mai Ɗauke da Daji: Yaushe Cirewa ke Wadatarwa, Yaushe Sai Tiyata?

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ake gane tsiron babban hanji da na dubura wanda daji ya fara shiga, da ma'aunan yanke shawarar tiyata. Ta nuna cewa yadda aka cire tsiron tun farko shi ne ginshiƙin duk hukuncin da zai biyo baya, kuma zurfin daji kaɗai bai isa hujjar yanke hanji ba.

Gabatarwa

Bangon hanji hawa-hawa ne. Ana cewa tsiro na ɗauke da daji idan gurɓatattun ƙwayoyi sun keta siririyar tsokar da ke ƙasan mukosa, suka shiga sabmukosa, inda hanyoyin jini da na ruwan kaluluwa suke. Wannan shi ne mataki na T1. A cikin majiyyata goma da ke wannan mataki, kusan ɗaya ne dajinsa ya riga ya kai kaluluwa. Aikin likita shi ne ya gano wannan ɗayan ba tare da ya yanke hanjin sauran taran ba. A Arewacin Nijeriya da wuya a kama cutar da wuri haka, domin jini a bayan gida basir ake fara ɗora wa laifi.

Ganewa kafin a taɓa

Mai leƙa hanji da kyamara shi ke fara yanke hukunci. Tsarin Faris na 2002 ya rarraba tsiro bisa siffa: mai sanda, mai zaune dirshan, shimfiɗaɗɗe, da mai loɓawa, kuma na ƙarshen ya fi zama abin zargi. A tsarin Kudo, idan zanen ramukan saman tsiro ya rikice ko ya shafe, nau'i na biyar ke nan, alamar daji. Uno da Munakata sun nuna a 1994 cewa tsiron da ya ƙi tasowa bayan an yi allurar ruwa a ƙarƙashinsa mai yiwuwa ya yi zurfi, ko da yake tabon tsohuwar gutsura ma kan riƙe shi.

Tsiron da ake zargi ana cire shi ne ɗungurungum, a kuma yi wa kusa da wurin alama da tawada. Idan aka fitar da shi gutsure-gutsure, mai duba tsoka a maikiroskof ba zai iya auna zurfi ko iyakar yanka ba, sai rashin tabbas ya kai majiyyaci ɗakin tiyata.

Ma'aunan haɗari

A 1985 Haggitt ya kasa tsiro mai sanda zuwa kai, wuya, sanda da gindi. Haɗarin ya fi taruwa a gindi. Kikuchi a 1995 ya raba sabmukosa uku domin tsiro mara sanda, sai dai tsarinsa na buƙatar a ga babbar tsokar hanji, wadda cirewa ta kyamara ba ta haɗawa da ita. Shi ya sa likitocin Japan suka koma ga awo, suka ɗauki zurfin milimita 1 a matsayin iyaka. Sauran alamun su ne shigar daji hanyoyin jini ko na kaluluwa, ƙwayoyi masu mummunar siffa, iyakar yanka da ba ta kai milimita 1 ba, da ɓallewar ƙananan ƙwayoyi daga bakin dajin, wadda taron Bern na 2016 ya daidaita ƙirgenta.

Waɗannan alamu ba nauyinsu ɗaya ba. Nazarin Zwager da abokan aikinta na 2022 ya gano cewa idan zurfi ne kaɗai alamar da aka samu, haɗarin kai wa kaluluwa kashi 2.6 cikin ɗari ne. A ganinmu, ga dattijo mai ciwon zuciya, haɗarin tiyatar kanta na iya zarce wannan.

Batun dubura

Dubura ta fi wuyar sha'ani. Tiyatar da Heald ya bayyana a 1982, mai cire dubura da kitsen da ke kewaye da ita, tana iya taɓa jijiyoyin fitsari da na saduwa, wani lokaci kuma ta bar majiyyaci da jakar bayan gida a ciki. Hanyar da Buess ya ƙirƙiro a Jamus, ta yanke wurin kaɗai ta kafar dubura, tana kauce wa wannan, amma dajin ya fi saurin dawowa a dubura fiye da a babban hanji. Don haka duk wanda aka bar wa duburarsa sai an ci gaba da bibiyarsa da kyamara da hoton MRI na tsawon shekaru.